Tsumma Na Sittin da Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a jikin shagon Mode a Gawon Nama, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ban taɓa jin an ambaci wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. Katin biki yake bugawa, da kalanda, da allon shago. Amma ka ce motarka ta lalace, zai gaya maka abin da bakanike ya manta. Ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa cire wa wani a Illela. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya buga a allon shagonsa da ruwan zinare. Ni kuwa Siddiƙu tela, aikina in taka keke in saurara, sai dai Allah bai ba ni haƙurin yin shiru ba.

Mode yana da 'yar yaya, Shamsiyya, wadda ita ce ta yi karatun kwamfuta na gaskiya. Shekara uku ita da abokin aikinta Junaid suna gina wani abu da suka sa wa suna Rariya. Ta bayyana mini shi wata rana da ta kawo ɗinki. Ta ce malaman makaranta kowa da yadda yake shirya fayil ɗin sakamakon jarrabawa: wani a waya, wani a tsohuwar kwamfuta, wani ya tsallake layi, wani ya bar gurbi, wani ya sa suna a wurin maki. Rariya ce ke karanta wannan hargitsi, ta tace shi, ta jera shi, ta kuma nuna inda aka bar gurbi. Kyauta ce, a buɗe take a intanet, duk mai rubuta manhaja yana iya ɗauka ya saka a tasa, ko ya kawo gyara, kamar dai rijiyar unguwa.

Abu ɗaya ya rage mata. Wata ƙungiyar masu makarantu a Mabera ta yarda ta zauna ranar Asabar ta sama ta ga aikin Rariya. In sun gamsu, makarantu talatin da ɗaya za su karɓe ta. In ba su gamsu ba, wahalar shekara uku ta bi ruwa, don shugabarsu, Hajiya Balkisu, ta ce dama ɗaya take bayarwa. Ana cikin haka ƙanwar Shamsiyya ta haihu a wani ƙauye bayan Wurno, inda sai an hau tudu ake samun sabis, kuma dole ta je ta zauna har suna. Ga shi shafin Rariya na intanet, inda aka rubuta bayanin yadda ake aiki da ita, yana buƙatar ɗan gyara.

A ƙofar shagona take gaya wa Junaid, Mode ya leƙo.

"Ke Shamsiyya, mai gyaran shafi kike biɗa, kawunki na zaune nan? Shekara ashirin ina aikin shafi!"

"Kawu, wanga ba katin biki ba na. Abu ukku na kawai: lambar waya ta canza, hoto guda ya ɓace, sai ranar taro da za a sa."

"Ukku rak? Tahi abinki. Kahin ki dawo, Turawa za su zaka Gawon Nama koyon aiki."

Na ce, "Su zaka da lema, don rumfarka na yoyo."

Bai kula ni ba. Shamsiyya ta yarda, saboda tana da abin da ta dogara da shi: a tsarinsu, ba gyaran da ke hawa shafi sai mutum na biyu ya duba ya danna amincewa, kuma Junaid ne mutum na biyun. Abin da ta manta, wanda ko kajin layinmu sun sani, shi ne Junaid yana neman Zahra'u, 'yar Mode, har an kai gaisuwa. Mutumin da ke cire takalmi tun daga bakin kwata ya durƙusa ya gaishe ka, ta yaya zai dubi idonka ya ce ka yi kuskure?

Junaid ya buɗe wa Mode hanyar shiga shafin, ya tambaye shi sunan da za a sa. Mode ya ce a sa “Injiniya Mode, Babban Mai Kula da Shafi”. Ya kuma gaya masa cewa duk gyaran da mutum ya yi, ana so ya rubuta ɗan bayani a kansa, layi ɗaya. Mode ya ce ba layi ɗaya ba, ko littafi ake so a shirye yake.

Ranar Lahadi ya fara da shafin farko. Ya ce fari fat kamar likkafani, ba wanda zai shigo bai yi hamma ba. Ya zagaye shi da furanni, ya sa fitilu masu ƙyalli, ya sa kiɗan da ke tashi da kansa da an buɗe. A tsakiya ya kafa hotonsa cikin babbar riga, wanda aka ɗauka don kalanda, girmansa ya isa a rufe bango. Bayanin yadda ake saka Rariya a kwamfuta kuwa ya tura shi can ƙasa, bayan godiya ga 'yan uwa da abokan arziki mutum tamanin.

Na buɗe a wayata don in gani. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali, hula, goshi, yana isowa gira datar wayar ta ƙare.

Da hantsin Litinin Junaid ya zo, ya durƙusa da waya a hannunsa.

"Baba, wani daga Kenya ya rubuto. Shina tambaya ko an yi muna kutse."

"Kenya! Siddiƙu, ka ji ko?"

"Na ji. Cewa yay yi ɓarayi sun shigo."

"Kai hassada za ta kashe ka. Junaid, kahin in zaka, mutum nawa ka rubutowa a sati?"

"Biyu, Baba. Wani lokaci ukku."

"Yanzu hwa?"

"Ashirin da bakwai."

"To mi kake jira? Ga sabon gyara nan, danna."

Junaid ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya danna.

Ranar Talata Mode ya ci karo da wani shafi mai taken “Abubuwan da Rariya ba ta iya ba tukuna”. Shamsiyya ce ta jera su da hannunta: ba ta karanta hoto, ba ta karanta rubutun hannu, ba ta karanta fayil mai kulle, da sauransu har goma sha ɗaya. Ihun da ya yi sai da allurata ta karye.

"Wace irin 'yar kasuwa ta wagga? Ka kasa kaya kuma ka tsaya kana kushe su da bakinka? Ubana shekara arba'in shina saida gero, bai taɓa ce ma mai saye buhun ga da ƙwari ba!"

Na ce, "Allah ya jiƙan Baba, amma shi geronai ba ƙwari."

Ya goge shafin kaf. A wurinsa ya rubuta da manyan baƙaƙe, RARIYA TANA KARANTA KOMAI. Bai tsaya nan ba, ya buga irinsa a ƙyalle ya rataya a ƙofar shago, don wai mutanen unguwa su ma su amfana.

Suka kuwa zo amfana. Tani mai ƙosai ta ajiye tirenta ta miƙo waya, bidiyon bikin 'yarta ne ya daina buɗewa tun bara. Wani dattijo, Malam Sirajo, ya zo daga Mabera da hoton takardar gonarsa wadda gara ta cinye gefen da aka rubuta iyaka, yana so Rariya ta karanta masa wurin da aka cinye. A shafin akwai wani ɗan akwati da ake jefa fayil a gwada. Mode ya jefa bidiyon Tani, akwatin ya ce bai san wannan ba. Ya jefa takardar gona, ya sake cewa bai san wannan ba.

"Mi tac ce?" in ji Tani.

"Nazari take."

"Nazarin mi? Ai ga shi nan ta rubuta ba ta sani ba. Na yi aji huɗu hwa, Mode."

"Tawali'u na irin na manyan masana. Ku dawo Asabar, ku iske ni wurin taro Sama Road, can za ta yi magana."

Tani ta ɗauki tirenta tana cewa in ba a ga bidiyon bikin ba, za a ga nata bidiyon. Malam Sirajo ya naɗe takardarsa, ya tambayi ƙarfe nawa.

Duk wannan wasa ne. Babbar ɓarnar ranar Laraba ta fara, da Mode ya shiga wani sashe na shafin da Shamsiyya ta sa wa suna Tsummokara. Fayiloli ne sittin da uku, gurɓatattu, waɗanda mutane suka riƙa aiko mata cikin shekara uku. Kowanne ya taɓa gagarar Rariya, sai da aka zauna aka koya mata karanta shi, sannan aka canza sunayen yaran da ke ciki aka adana shi yadda yake. Duk lokacin da wani ya taɓa wani abu, na'ura tana bi da Rariya ta kan sittin da ukun nan. In ta karanta su duka, wata 'yar alama a shafin farko ta zama kore. In ko ɗaya ya gagare ta, ta zama ja. Su ne dukiyar gidan, kuma su ne abin da za a nuna wa masu makarantu.

Mode ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, ya kama baki.

"Baƙi za su zaka, su iske wagga ƙazanta tsakar gida? Layi a karkace, gurbi ko'ina, nan ma an sa suna wurin maki! Wa yay yi wanga aiki?"

A ranar dai Junaid ya yi ta maza. Ya share zufa ya ce, "Baba, da gangan anka bar su hakanan. Da su aka gwadin..."

"Da gangan? To in an ba ka Zahra'u, haka za ka bar mata gida ba shara, ka ce da gangan na?"

Na sa baki daga shagona. "Mode, ni ma ina aje ƙyallaye masu kauri da masu santsi. In na gyara keke, da su nike gwada shi."

"Shi ya sa shekara goma sha ɗaya kana nan bisa kujera guda."

Kwana uku ya yi a kansu, ko abincin rana a gaban kwamfuta yake ci. Ni dai ban taɓa ganin Mode ya yi aiki da zuciya ɗaya haka ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi. Ya miƙe layuka, ya mayar da suna wurin suna. Duk inda ya ga gurbin maki ya cika shi da saba'in, yana cewa yaro ba zai yi shekara guda yana zuwa makaranta a bar masa fanko ba. A saman kowane fayil ya jera furanni da taurari layi uku, ya rubuta “Allah ya ba da sa'a”, a ƙasa ya sa sunansa da lambar wayarsa. Kowanne ya gama sai ya kira Junaid, Junaid ya durƙusa ya danna.

Alamar nan ta shafin farko ta koma ja jawur.

"Baba, ta yi ja."

"To sai mi?"

"Ma'anarta Rariya ta kasa karanta su."

"Ta saba da datti na, tsabta ta ba ta mamaki. Wane launi ka nuna lahiya?"

"Kore."

Cikin minti biyar Mode ya zana 'yar alama kore, mai haske fiye da ta asali, ya manna hotonta a kan jar. Ya juyo yana murmushi, ya ce abin da ya sa ake biɗar ƙwararru ke nan.

Ranar Juma'a bayan an raɗa suna Shamsiyya ta hau tudu ta kira. Ina jin Junaid yana cewa, "Komi... komi na tahiya." Ba ƙarya ya yi ba, bai dai faɗi inda ake tafiyar ba. Mode ya fizge wayar ya ce kada ta buɗe shafin, so yake ta gani a majigi tare da kowa. Ko ta so buɗewa ma, sabis ɗin tudun ba zai ɗauki hular ba balle sauran.

Asabar da ƙarfe goma ɗakin taron da ke Sama Road ya cika. Masu makarantu talatin da ɗaya, Hajiya Balkisu a gaba da tabarau da jaka a cinya. A baya ga Tani, ga Malam Sirajo da takardarsa, ga ni, don ni na ɗinka koriyar babbar rigar da Mode ya sa, kuma ko ba don ita ba wallahi da ba a bar ni a baya ba. Motar su Shamsiyya ta yi faci a hanya. Da ta shigo, kai tsaye daga tasha, da jakarta da lallen suna a hannu, ta tarar kawunta ya riga ya kama lasifika yana ba da tarihin yadda ya tsamo Rariya daga duhu.

Ya ba Junaid umarni a buɗe shafi. Kiɗa ya tashi. Furanni suka bayyana. Sai hula ta fara saukowa a jikin bango, faɗinta ya kai tabarma. Aka jira. Goshi ya fito. Aka jira. Wani malami a bayana ya ce ko a je a yi alwala kafin a iso gemu.

Na dubi Shamsiyya. Jakarta ta faɗi ƙasa ba ta sani ba.

Hajiya Balkisu ta ɗaga hannu. "Malam, a kashe kiɗan ga. Ni ba kallon hula niz zaka ba. A cikin tsummokaranku akwai na goma sha bakwai, daga makarantarmu yat taho, ni da kaina niy aiko shi shekara biyu da sunka wuce. Akwai yara biyar a ciki da ƙyanda ta hana su zama jarrabawa. In abin ga ya karanta shi, ya nuna min gurbin nan biyar, bai cika min ƙarya ba, na yarda da shi."

"Hajiya, kin zaka gidan sauƙi," in ji Mode. "Junaid, na goma sha bakwai!"

Fayil ya buɗe a bango. Furanni layi uku. Allah ya ba da sa'a. Layuka a miƙe sambal kamar an sa musu dutsen guga. Hajiya ta gyara tabarau, ta tashi, ta matsa kusa, ta bi da yatsa.

"Wa ya ba ɗiyan da ke kwance asibiti saba'in-saba'in?"

Ta sake bin layukan da yatsa.

"Har da lissahi! Yaron ga na layi na tara, ko da lahiyatai bai taɓa wuce talatin ba!"

Mode ya ce a bar wannan, a jefa shi a akwati a ga aiki. Junaid ya jefa, ya rufe ido. Rariya ta ci karo da furanni a layin farko, ta shaƙe, ta zubo jan rubutu tun daga saman bango har ƙasa. A can gefe kuwa 'yar alamar Mode tana nan kore shar, tana ƙyalli.

"Waccan koriyar hwa, mi take nuhi?" wani ya tambaya.

"Lahiya lau," in ji ni. Ban iya riƙewa ba.

Daga baya Tani ta ɗaga murya tana tambayar bidiyonta, Malam Sirajo ya miƙe yana ɗaga takarda. Mode ya dubi hagu ya dubi dama, sai dabara ta zo masa. Ya buga lasifika.

"Jama'a, an yi muna kutse! Tun Litinin wani ɗan Kenya ke zagayenmu. Su sunka shiga sunka ɓata aikin ga. Ni yadda nib bar shi lahiya lau yake!"

Ya zaci ya tsira. Hajiya Balkisu ta koma ta ɗauki jakarta.

"To madalla da kah hwaɗi. In dai kowa na iya shiga ya canza makin ɗiyanmu ba wanda ya sani, mun gode. Ku tashi mu tahi."

Kujeru suka fara motsi. Na ga idon Shamsiyya ya kawo ruwa, kuma na san abin da ke cinta: ko ta rufa wa ƙanen mahaifiyarta asiri ta rasa wahalar shekara uku, ko ta tona shi a gaban mutum talatin da ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunyar dariyar da na yi ta yi duk satin.

Ta taka zuwa gaba, ta ɗan rusuna a gaban Mode.

"Kawu, ka yahe min." Sannan ta juya. "Hajiya, minti biyar. A aikin ga ba abin da ka canzawa a ɓoye. Duk wanda yat taɓa ko harahi guda, sunanai da rana da bayaninai na nan rubuce, kuma kowa na iya gani."

Ta karɓi kwamfutar daga hannun Junaid, ta buɗe tarihin gyare-gyare. Ya cika bango, layi bisa layi, kowanne da suna ɗaya: Injiniya Mode, Babban Mai Kula da Shafi. Hajiya Balkisu ta saba karanta sakamako a gaban taro, don haka ta karanta da ƙarfi.

"‘Na sa hotona don baƙi su san akwai babba a gidan.’ ‘Na goge shafin tonon asiri.’ ‘Na wanke ƙazantar da yara suka bari, ni kaɗai, ba mai taimako.’ ‘Na ba marasa maki saba'in saboda tausayi.’ ‘Na rufe jar alama da kore, aikin minti biyar.’" Ta sauke tabarau. "Wanga ɗan Kenya ya iya Hausa."

Ɗaki ya fashe. Wani har da faɗowa daga kujera. Hajiya ta sake duba bango.

"Kuma ƙarƙashin kowanne an sa ‘Junaid ya amince’. Wane na Junaid?"

Junaid ya ɗaga hannu kamar mai jiran bulala.

"Kai kuma mi yas same ka?"

Na ce daga baya, "Surukinai na, Hajiya. An kai gaisuwa."

Dattawan wurin suka yi “Ayyo!” gaba ɗaya, har wasu na girgiza kai don tausayi. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Shamsiyya ta zaɓi ranar da ta bar gari, ta mayar da komai yadda yake a ranar. Aikin da Mode ya yi kwana shida yana yi, ta kwance shi kafin a sha ruwa. Furanni suka ɓace, hula ta ɓace, shafi ya dawo fari. Aka ɗan jira na'ura ta bi ta kan tsummokara, alama ta koma kore, ta gaskiya. Ta buɗe na goma sha bakwai da dattinsa da karkatattun layukansa, ta jefa a akwati. Ya fito a jere, ga gurbi biyar an zagaye su, kowanne an rubuta “babu maki”.

Hajiya Balkisu ta ƙirga su da yatsa har sau biyu. Ta ce a buɗe mata shafin da aka kira na tonon asiri, ta karanta abubuwa goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye jakarta.

"Za mu karɓa. Amma da sharaɗi: mai danna amincewa kada ya zan mai neman aure gidan mai gyara."

Shamsiyya ta rufe fuska da hannuwanta masu lalle, ta yi kuka ta yi dariya a haɗe. Mode kuwa ya nufi ƙofa a hankali, ya tarar da Tani ta tare ta da waya a hannu, Malam Sirajo na gefenta. Sai da na shiga tsakani.

Kwana huɗu shagonsa na rufe. Na ɗauka an gama da Injiniya, har na fara jin layin ya yi mini shiru. A rana ta biyar ya buɗe, sai ga Shamsiyya ta zo da Junaid, ta gaishe da kawunta har ƙasa, ta ce ta zo neman izini. Ashe ta ajiye ɗaya daga cikin fayilolin da ya wanke. Ta ce shekara uku mutane na aiko da gurɓatattu daga ko'ina, ba wanda ya taɓa kawo mai furanni, kuma sai da ta yi kwana huɗu kafin ta koya wa Rariya tsallake su. Tana so ta saka shi a Tsummokara, na sittin da huɗu, kuma a al'adarsu ana rubuta sunan wanda ya kawo.

Mode ya gyara zama. "Da cikakken suna?"

"Da cikakken suna, Kawu."

"Kuma ba a gogewa?"

"Har abada. Duk wanda yat taɓa Rariya a duniya, sai na'ura ta gwada aikinai da shi kahin ya wuce."

Washegari da safe na iske shi a kan tsani yana ƙara layi a allon shagonsa da ruwan zinare.

Na ce, "Mode, cikin tsummokara hwa anka sa ka."

Ko juyowa bai yi ba. "Sittin da ukku, duniya tat taru tak kawo. Na sittin da huɗu ni kaɗai niy yi shi. Kuma kai da kunnenka ka ji abin da tac ce: daga yau ba mai wucewa sai an bi ta kaina."